Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugaban Jami'ar Tarayya ta Kachia: A Buɗe wa 'Ya'yanmu Mata Ƙofar Injiniyanci Tun Yanzu

Zuwa ga
Mai Girma Farfesa William Barnabas Qurix,
Shugaban Jami'ar Tarayya ta Kimiyya a Aikace,
Kachia, Jihar Kaduna.

Ta hannunka kuma, zuwa ga Shugaban Majalisar Gudanarwar Jami'a, Mai Alfarma Bishop Matthew Hassan Kukah, da sauran 'yan majalisa.

Ranka ya daɗe,

 Ina taya ka murnar zama shugaba na farko na wannan jami'a. Allah ya taya ka riƙo, ya haɗa ka da mashawarta na gari, ya sa a gama lafiya.

Ni tsohuwar malamar fiziks ce. A makarantun sakandare na wannan yanki na yi aikina har na ajiye alli, kuma a nan Kachia nake zaune. Maganar da na kawo maka ta daɗe a bakinmu. Mun yi ta a tarurrukan iyaye da malamai, mun yi ta a zumuntar mata a coci da kuma Islamiyyun matan aure, mun rubuta takardu mun kai ofisoshi tun kafin a yi mafarkin jami'arka. Ko'ina akan karɓe mu da fara'a, a ce magana ce mai kyau, za a duba. 'Yan matan da muka fara yin maganar dominsu yanzu sun aurar da nasu 'ya'yan, ba a gama dubawa ba. Shi ya sa wannan karon na rubuta a fili, inda iyaye da 'yan mata za su karanta tare da kai. Ban zo da zargi a kanka ba, domin jami'arka jaririya ce, ba ta kai ga yin laifin da zan lissafa ba. Na zo ne don kada ta gaje shi.

Kowa a kudancin Kaduna ya san tsawon lokacin da muka yi muna roƙon jami'ar tarayya. A watan Fabrairun 2025 Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya ba da umarnin mayar da tsohuwar Jami'ar Nok, wadda kotu ta mallaka wa Gwamnatin Tarayya bayan ƙarar da hukumar EFCC ta shigar, ta zama jami'ar da kake shugabanta a yau. Sanata Sunday Marshall Katung ya ɗauki nauyin ƙudurin kafa ta a Majalisar Dattawa. An ce dukiyar jama'a ce ta dawo hannun jama'a, mun kuma yi guɗa. To, ranka ya daɗe, rabin jama'ar nan mata ne. Idan aka wayi gari bayan shekara goma ɗakunan koyon injiniyanci da fasaha na jami'ar Kachia sun cika da maza, mata biyu ko uku suna rakuɓe a gefe, rabin masu dukiyar ne kawai ta koma wa.

Ka shugabanci Jami'ar Jihar Kaduna, ka shugabanci Jami'ar Bingham, kuma kai masanin zanen gine-gine ne. Ka fi ni sanin cewa ɗakin da ba a sa shi a zane ba tun farko, ƙara shi daga baya sai an fasa bango, an kashe ninkin kuɗi, kuma har abada za a riƙa gane cewa liƙa shi aka yi. Haka tarihin mata a injiniyanci yake a kusan dukkan manyan jami'o'in duniya: an gama gini tukuna aka tuna da su.

Babbar makarantar injiniyoyi ta Faransa, École Polytechnique, an kafa ta a 1794, amma ba ta karɓi mace ba sai a 1972. A wannan shekarar ta farko, wata budurwa mai suna Anne Chopinet ce ta zo ta ɗaya a jarrabawar shiga, ta doke dukkan mazan. Shekara 178 ke nan makarantar tana rufe ƙofa ga irinta. A Amurka an kafa Jami'ar Purdue a 1869, sai a 1969 ta buɗe shiri na musamman don jawo mata cikin injiniyanci, kuma duk da wannan jinkiri na shekara 100 ita ce ta fara yin haka a ƙasar. A Birtaniya, matan da suka riƙe masana'antu lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da maza suka dawo daga fagen fama sai aka sallame su, abin da ya sa suka kafa ƙungiyar mata injiniyoyi a 1919 don kare sana'arsu.

Mu ma a gida haka abin ya tafi. Tun kafin samun 'yancin kai ake koyar da injiniyanci a Zariya, a kwalejin da ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. An kafa Ƙungiyar Injiniyoyi ta Najeriya a 1958, amma mace ba ta hau kujerar shugabancinta ba sai a watan Janairun 2024, lokacin da Injiniya Margaret Oguntala ta karɓi ragama. A 1982 Injiniya Joanna Maduka ta tara wasu 'yan tsirarun takwarorinta suka kafa ƙungiyar mata injiniyoyi ta APWEN, saboda a duk taron da suka je sai su tarar ana ƙirga su da yatsun hannu. Ita ce kuma daga baya, a 2016, ta zama mace ta farko da ta shugabanci Cibiyar Manyan Injiniyoyi ta Najeriya. Farfesa Deborah Ajakaiye, haifaffiyar Jos, a Zariya ta yi digirinta na uku kan kimiyyar binciken ƙarƙashin ƙasa, a 1980 ta zama mace ta farko a Afirka da ta kai matsayin farfesa a fiziks. Daga nan Zangon Kataf, maƙwabtanmu, Blessing Liman ta fito ta zama mace ta farko matuƙiyar jirgi a Rundunar Sojan Sama ta Najeriya. Duk sunan da na ambata da "ta farko" yake tafe, kuma kowace ta farko shaida ce ta ɗimbin waɗanda aka mayar gida kafin ita. Abin da wannan tarihi ya nuna ɗaya ne: baiwar tana nan tun fil azal, ƙofar ce ba ta taɓa buɗe kanta ba, sai wani mai iko ya tashi ya buɗe.

Yanzu bari in jera maka kukanmu ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, ana rufe wa yarinya ƙofar injiniyanci tun tana 'yar shekara 14 ko 15, kafin ta taɓa jin sunan jami'arka. A aji ɗaya na babbar sakandare ake raba ɗalibai zuwa ajin kimiyya, ajin adabi da ajin kasuwanci. Mai son injiniyanci dole ta rubuta Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri a jarrabawar JAMB, ta kuma samu kiredit biyar a WAEC ko NECO. Na koyar a makarantun da ɗakin gwaje-gwajensu suna ne kawai, inda ɗalibi yake fara taɓa ma'aunin wutar lantarki ranar jarrabawa. Na san makarantun ƙauye da malamin fiziks ɗinsu ɗan bautar ƙasa ne, in ya gama shekararsa darasin ya mutu sai an turo wani. A irin wannan hali namiji yakan samu mai tura shi lesin a gari. Mace kuwa daga makaranta sai rafi, sai murhu, sai gonar citta. Wadda ta jure ta yi fice a lissafi, da iyaye da malamai sai su haɗa baki su ce mata ta tafi aikin jinya a Kafanchan ko koyarwa a Gidan Waya. Ba na raina waɗannan ayyuka, ni kaina da alli na ci abinci na tarbiyyantar da 'ya'yana. Abin da yake ci mini rai shi ne ba a taɓa nuna mata akwai hanya ta uku ba. Jami'ar da ta zauna tana jiran takardun neman gurbi daga irin waɗannan makarantu, maza za ta gani, sannan ta ce mata ba su nema ba.

Na biyu, tsoron iyaye. Ba mu manta da watan Maris na 2021 ba, lokacin da aka kwashe ɗalibai 39 daga Kwalejin Gandun Daji ta Afaka, mafi yawansu mata. Ba mu manta da Jami'ar Greenfield a watan Afrilun shekarar ba, inda aka kashe wasu daga cikin ɗaliban da aka sace. A watan Yuli kuma aka ɗauke yara fiye da 100 daga makarantar Bethel Baptist, a kan wannan hanya tamu ta Kaduna zuwa Kachia. Uban da ya ga wannan yana iya daurewa ya bar ɗansa ya kama haya a gari. 'Yarsa kuwa, in babu ɗakin kwana mai katanga da tsaro da ruwa da wuta a cikin jami'a, ba za ta je ba, ko da ita ce ta ɗaya a jihar. Karatun injiniyanci kuma yana cin dare: zane, lissafi, aikin rukuni, gwajin da ba ya ƙarewa sai bayan magariba. Ɗalibar da dole ta bar harabar jami'a kafin duhu an rage mata rabin karatunta.

Na uku, rashin wadda za a kalla. Manyan jami'ai huɗu da aka naɗa wa jami'ar nan a farkon tafiya, wato shugaba, magatakarda, ma'aji da shugaban ɗakin karatu, dukkansu maza ne. Na san ba kai ka yi naɗin ba. Amma ɗaukar malamai, naɗa shugabannin sassa da na tsangayoyi, da zaɓen waɗanda za a tura ƙaro ilimi, duk ta teburinka suke bi. Malaman da ka ɗauka a waɗannan shekaru na farko su ne farfesoshin shekara 20 masu zuwa, su ne za su zauna a kwamitin ɗaukar na bayansu. In aka fara da maza zalla, maza za su ci gaba da ɗaukar waɗanda suka saba gani. Yarinyar da ta yi shekara biyar ba ta ga mace riƙe da alli a ajin injuna ba, ba ta ga mace sanye da hular kwano tana ba da umarni a wurin gini ba, kullum tana tambayar kanta ko ta yi ɓatan kai ne.

Na huɗu, magana ce mai nauyi a baki, amma dole a faɗe ta. Cin zarafin ɗalibai mata da neman lalata da su a bakin maki cuta ce da ta yi katutu a manyan makarantunmu. Binciken da BBC ta fitar a 2019 kan jami'o'i a Najeriya da Ghana ya nuna wa duniya abin da iyaye mata suka daɗe da sani. Haɗarin ya fi tsanani a inda mata suka yi ƙaranci. Ɗaliba ɗaya tilo a aji, wadda makin aikinta na ƙarshe yake hannun mutum guda, ba ta da abokiyar shawara, ba ta da shaida, ta kuma san in ta yi ƙara kowa zai gane ita ce. Da yawa sukan zaɓi sauya sashe ko barin karatun baki ɗaya, a rubuta cewa sun kasa.

Na biyar, kuɗi da tsawon karatu. Digirin injiniyanci shekara biyar ne, ga kayan zane, ga kwamfuta, ga kuɗin aikin ƙarshe. Arzikin gidajenmu citta ce, kuma annobar da ta faɗa wa citta a damina ta 2023 ta bi gonakin Kachia, Jaba, Kagarko da maƙwabta ta bar manoma da bashi da rumbu wayam. Kowa ya san yadda ake yanke hukunci a gidan da kuɗin makaranta bai isa mutum biyu ba: namiji ya tafi, mace ta jira, jiran kuma ya ƙare a ɗakin miji. Wadda ta yi aure a tsakiyar karatu, in haihuwa ta zo daidai da jarrabawa, sau da yawa shekara guda take asara, wani lokaci gurbin gaba ɗaya.

Na shida, wurin koyon aiki. Ɗalibin injiniyanci yana fita horon masana'antu na shirin SIWES da hukumar ITF take kula da shi, har na wata shida a shekararsa ta huɗu. A nan ne ake ware mata a ɓoye. Namiji a kai shi cikin injuna, mace a zaunar da ita a ofis tana jera fayil da rubuta sunayen masu zuwa aiki. Takalmin kariya da rigar aiki duk an ɗinka su da awon maza, wani wurin ko makewayin mata babu. Ta dawo da littafin horo cike da sa hannu, hannunta kuwa bai taɓa sifana ba. Ranar neman aiki sai a ce ba ta da ƙwarewa.

Ranka ya daɗe, wani zai ce me ya kai mace ga ƙarfe da wuta. Ina roƙonsa ya zagaya ƙauyukanmu bayan an haƙe citta. Wa yake wanke ta? Wa yake zama tun safe har yamma da wuƙa yana tsaga ta ɗaya bayan ɗaya, har yatsu su yi kanta? Wa yake shanya ta a kan duwatsu da bakin kwalta, yana juyawa, yana kwashewa in hadari ya taso? Yawancinsu mata ne da 'ya'yansu mata. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi noman citta a duniya, kuma mafi yawanta daga wannan yanki take fitowa. Amma a busasshiya muke cusa ta a buhu, a loda a mota zuwa Legas, a kai ta ƙasashen waje su tatsi mai, su yi gari, su yi magani da abin sha, ribar ta zauna a can. Injin wanki, injin tsagawa da ba ya cin yatsa, na'urar busarwa mai aiki da hasken rana wadda za ta hana ƙura da fumfuna ɓata kaya, rumbun adana iri: duk aikin injiniya ne. Yarinyar da ta tashi da wuƙar tsaga citta a hannu ta san inda aikin yake ciwo fiye da duk wani mai zane da bai taɓa durƙusawa a kan tabarmar shanya ba. Ka ba ta lissafi da ɗakin ƙira, ka ga abin da za ta fitar.

Ba citta kaɗai ba. Ruwan madatsar Gurara daga ƙasarmu yake bin bututu mai tsawon kimanin kilomita 75 ya shayar da Abuja, alhali matan ƙauyukan da ke kusa suna tafiya rafi da bokiti a ka. Famfunan burtsatse nawa ne suka mutu a ƙauyukanmu saboda ƙaramin gyara? Asibitocin karkara nawa ne ake karɓar haihuwa a cikinsu da fitilar waya? Wanda wahala ta fi ci shi ya fi sanin maganin da zai yi aiki. Yankin nan kuma ba baƙon fasaha ba ne. Mutanen Nok sun narka ƙarfe fiye da shekara 2000 da suka wuce. Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogo tun a shekarun 1920. A nan Kachia Makarantar Sojojin Igwa take, da makarantar fasahar makamai ta Sojan Ruwa. Ƙasar da ke da wannan gado bai kamata ta bar rabin ƙwaƙwalenta a bakin murhu ba.

Wani kuma zai ce mata ne ba sa so, ko al'ada da addini ne suka hana. Rahoton kimiyya na hukumar UNESCO na 2021 ya nuna cewa a duniya mata kashi 28 cikin 100 ne na masu kammala digirin injiniyanci. Amma a Aljeriya sun haura kashi 48, a Tunisiya kashi 44, a Maroko kashi 42, yayin da Amurka take wajen kashi 20, Japan kuma kashi 14. Ƙasashen Afirka ne, masu riƙo da addini da al'ada kamar mu, suka wuce manyan ƙasashen masana'antu. Inda aka koyar da yarinya lissafi da kyau, aka kuma nuna wa iyayenta cewa sana'ar tana da mutunci da abinci, tana shiga.

Mai cewa za a rage darajar karatu in aka ware wa mata gurabe, ya dubi Indiya. Cibiyoyin fasaha na IIT suna daga cikin makarantun da suka fi wuyar shiga a duniya. A 2016 mata kusan kashi 8 cikin 100 ne kacal na sababbin ɗalibansu. Daga 2018 sai aka ƙara sababbin kujeru na mata a kan waɗanda ake da su, ba a ƙwace na kowa ba, kuma ba a ba wadda ba ta ci jarrabawar shiga ba. Aka sa mizani a rubuce: kashi 14 a 2018, kashi 17 a 2019, kashi 20 a 2020. Cikin 'yan shekaru adadin mata ya ninka fiye da sau biyu, darajar makarantun kuma tana nan. Ba mu roƙi a ba 'ya'yanmu makin da ba su ci ba. Gadar da mace ta zana dole ta ɗauki nauyin da ta namiji za ta ɗauka, hukumar COREN mai kula da sana'ar injiniya kuma ba ta da ma'auni biyu. Mun roƙi a kai su bakin layin tsere tare da kowa.

Mai cewa babu kuɗi, ina amsa masa cewa yawancin abin da zan roƙa shawara ce da sa hannu. Wanda yake buƙatar kuɗi kuma, yanzu ne ya fi araha, tun ana zana gine-gine ana tsara kasafi. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.

Saboda haka, cikin ladabi, ga roƙonmu.

Ɗaya. Ka gabatar wa Majalisar Gudanarwa da Majalisar Dattawan Jami'a rubutacciyar manufa mai adadi da wa'adi: cewa cikin shekara biyar mata za su kai aƙalla kashi 30 cikin 100 na ɗaliban kowane sashe na injiniyanci, kwamfuta da fasaha. Kowace shekara a buga wa jama'a alƙaluma, sashe bayan sashe: mata nawa suka nema, nawa aka ɗauka, nawa suka bari, nawa suka kammala.

Biyu. Ka tattauna da hukumomin NUC da JAMB kan hanyar ƙara gurabe na musamman ga matan da suka cika sharuɗɗa. Ka kuma buɗe shirin share fage na shekara guda a lissafi, fiziks da kemistiri ga 'yan matan da rashin malami ya kayar.

Uku. Jami'a ta fita ta je inda 'yan matan suke. Makarantun 'yan mata na Kwoi da Zonkwa, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kafanchan, da makarantun jeka-ka-dawo na Kachia, Kagarko, Jaba da Zangon Kataf, har da 'ya'yan makiyaya na Ladduga, duk suna kusa da kai. A buɗe ɗakunan gwaje-gwajen jami'a a dogon hutu ga 'yan aji uku na ƙaramar sakandare, kafin a raba su, tare da horar da malamansu. A gayyaci reshen APWEN na Kaduna ya zo da mata injiniyoyi su tsaya a gaban yara da iyayensu. Ranar 11 ga Fabrairu ta mata da 'yan mata a kimiyya, da ranar 23 ga Yuni ta mata injiniyoyi, su shiga kalandar jami'a a matsayin ranakun wannan fita.

Huɗu. Ɗakin kwanan mata mai cikakken tsaro ya kasance a sahun farko na gine-ginen da za a nema daga asusun TETFund, a kuma tabbatar wa kowace ɗalibar injiniyanci da gado tun daga shekarar farko har ta gama. A haskaka hanyar da ta haɗa shi da ɗakin karatu da ɗakunan ƙira.

Biyar. Kada a zauna tantance malamai ba tare da mace a kwamiti ba, kada kuma a rufe jerin waɗanda za a gana da su ba tare da an nemo ƙwararrun mata ba. Suna nan a Zariya, Kaduna, Jos, Minna da Abuja. Ɗaliban da suka yi fice a riƙe su a matsayin mataimakan malamai, a tura su digiri na biyu da na uku.

Shida. A kafa doka bayyananniya kan cin zarafi, kowane malami da ɗalibi ya sa mata hannu. A samar da ofishin karɓar ƙara wanda ba ya ƙarƙashin sashen wanda ake ƙara, mai rufa asirin mai kuka, mai wa'adin yanke hukunci. Makin aikin ƙarshe kuma kada ya rataya a hannun mutum ɗaya.

Bakwai. A buɗe asusun tallafin karatu na mata masu karanta injiniyanci, a nemi gudummawar gwamnatin jiha, ƙananan hukumomi, 'yan kasuwar citta da 'ya'yan yankin nan da Allah ya ɗaukaka. A sa ma'aikaci ya taimaka wa ɗalibai cike takardun lamunin NELFUND. A ba mai juna biyu damar ɗage zango ba tare da rasa gurbi ba, a kuma tanadi ɗakin renon jarirai.

Takwas. Jami'a ta ƙulla yarjejeniya da wuraren horon aiki, ta riƙa bin sawu don tabbatar da cewa aikin da aka ba namiji shi aka ba mace. A kafa cibiyar ƙera injunan sarrafa citta da na samar da ruwa da wutar rana, a zaunar da ƙungiyoyin mata manoma a teburin tsara ta.

Tara. A fara rubuta tarihi tun yau. A tattara sunaye da labaran matan kudancin Kaduna da suka karanta injiniyanci a Jami'ar Ahmadu Bello, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da sauran wurare, tun suna raye, a ajiye a ɗakin karatun jami'a, a rataya hotunansu inda ɗalibai za su gani. A adana sunayen ɗalibai mata na rukunin farko na jami'ar nan.

Goma. Muna roƙon ka kira taro a nan Kachia, ka zauna da iyaye mata, malaman kimiyya, shugabannin addini da sarakunanmu, ka gaya mana da bakinka wanne daga cikin waɗannan za ka iya yi bana, wanne sai baɗi, wanne kuma kake ganin ba zai yiwu ba da dalilinsa. Mu ma za mu ɗauki namu nauyin: za mu shiga gida-gida mu yi magana da iyaye maza, mu rage wa 'yan mata aikin gida a lokacin jarrabawa, mu kawo maka su da hannunmu.

Ranka ya daɗe, shugabannin da za su biyo bayanka za su tarar da al'adar da ka shuka, su ɗora a kai. Kai kaɗai ne kake da damar farawa ba tare da ka rushe komai ba, kuma wa'adinka ƙidayayye ne. Muna roƙonka ka sa wannan magana a gaban Majalisar Gudanarwa a zamanta na gaba, ka kuma ba mu amsa a fili kamar yadda muka yi tambaya a fili.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya tsare jami'armu da ɗalibanta, ya zaunar da kudancin Kaduna da Najeriya lafiya.

Taka cikin girmamawa,
Tsohuwar malamar fiziks,
a madadin iyaye mata da malaman kimiyya masu wannan ra'ayi,
Kachia, Jihar Kaduna.